Yadda Ake Auna Aikin Zuciya da Gudun Jini a Inda Babu Nauyi, Ba Tare da An Huda Jiki Ba

A watan Yunin 1991, da kumbon Columbia na Amurka ya tashi da tawagar binciken lafiya ta SLS-1, ɗaya daga cikin matafiyan, likitan zuciya Drew Gaffney, ya tafi ne da wani siririn tiyo da aka zura masa ta jijiyar hannu har zuwa kusa da bakin zuciya. Ana so a san yadda matsin jinin da ke komowa zuciya zai kasance da zarar nauyi ya ɓace. Kusan kowa ya sa ran zai hau, tunda jinin ƙafafu zai kwararo ya cika ƙirji. Sai ga shi ya sauka. Aka sake gwadawa a tafiyar SLS-2 ta 1993, amsar ba ta canza ba. Abin da ya ƙara ɗaure kai shi ne hoton zuciya ya nuna ta ƙara cika da jini. Daga baya aka gano bakin zaren: idan nauyi ya tafi, ƙirji yana buɗewa, huhu da kayan ciki suna daina danne zuciya, matsin da ke kewaye da ita ya faɗi fiye da na cikinta, sai ta samu sararin cika.

Irin wannan awo ba abin da za a riƙa maimaitawa ba ne. Huda jijiya a tashar sararin samaniya da ke shawagi kilomita 400 sama da ƙasa kasada ce, ga zubar jini ga shigar ƙwayoyin cuta, kuma babu asibiti kusa. Shi ya sa kusan duk abin da aka sani yau game da zuciyar 'yan sama jannati daga bayan fata aka auno shi. Sai dai akwai abin da nake so ka riƙe tun daga nan har ƙarshen jagorar. Duk na'urar da za ka ɗauka a doron ƙasa aka ƙera ta, a jikin mutanen da nauyi ke ja aka saita ta, saboda haka nauyi yana ɓoye a cikin lissafinta. Aikin mai awo shi ne ya gano inda ya ɓuya a kowace na'ura, ya fitar da shi kafin ya gaskata lambar da ta ba shi.

Abin da jini ke yi idan nauyi ya tafi

Mutum a tsaye, kowane santimita ɗaya na tsawonsa yana ƙara ko rage kusan 0.77 mmHg (ma'aunin matsi) a matsin jini. Matsakaicin matsi a daidai zuciya wajen 100 ne, a kai wajen 70, a ƙafa kuwa yana kusantar 200. A sararin samaniya wannan bambanci yana gushewa gaba ɗaya. Kimanin lita 2 na ruwa kan baro ƙafafu ya hauro ƙirji da kai, fuska ta kumbura, hanci ya toshe, jijiyoyin wuya su fito, ƙafafu su sirance. Cikin 'yan kwanakin farko jiki kan rage ruwan jini da kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari.

Ke nan jikin da ka auna a rana ta farko daban yake da na rana ta goma, shi kuma daban da na wata na biyar. Kada ka taɓa rubuta sakamako ba tare da ka rubuta ko rana ta nawa ce da tashi ba.

Awon farko a ƙasa ake yin sa

Wannan matakin ne aka fi rainawa, kuma shi ne ya fi jawo gardama tsakanin masu bincike. Idan aka ce jinin da zuciya ke turawa ya ƙaru a sararin samaniya, tambayar farko ita ce: ya ƙaru a kan me? A kan mutumin da ke tsaye, ko zaune, ko kwance? A ƙasa, tsakanin tsayuwa da kwanciya kaɗai, jinin da zuciya ke turawa a bugu ɗaya yana canzawa sosai, domin mai kwanciya ya riga ya mayar da yawancin jinin ƙafafunsa ƙirji.

Binciken da Peter Norsk da abokan aikinsa suka fitar a 2015 misali ne mai kyau. Sun auna maza takwas da suka yi wata uku zuwa shida a tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa, suka samu jinin bugu ɗaya ya ƙaru da kashi 35 cikin ɗari, jinin minti ɗaya ya ƙaru da kashi 41, matsin jini kuma ya ragu da 8 zuwa 10 mmHg. Da mutum a zaune suka kwatanta. Da a ce da mai kwanciya suka kwatanta, tazarar ba za ta kai haka ba. A ganina zama ko tsayuwa ne ya fi dacewa a ɗauka a matsayin tushe, tunda a haka ɗan Adam yake cinye mafi yawan yininsa, amma wanda ya zaɓi kwanciya ma yana da hujja, muddin ya faɗa a fili.

Mafita ita ce a auna duka. Kafin tashi, a ɗauki awo a tsaye, a zaune, a kwance rigingine, sannan a kwance da kai ƙasa da digiri 6, wanda shi ne yanayin da aka fi amfani da shi wajen kwaikwayon rashin nauyi. Duk lokacin da aka canza yanayi a jira aƙalla minti goma jini ya daidaita. A maimaita a ranaku daban-daban, da irin na'urar da za a tarar a can. A adana hotunan zuciyar kowane mutum, a rubuta tsakanin haƙarƙari na nawa aka fi ganin ta. Yawan mutanen da ake samu a irin wannan bincike ba ya cika wuce goma sha wani abu, don haka kowa da kansa za a kwatanta shi, kuma awon ƙasa mai rauni ya ɓata duk wahalar da za a sha a sama.

Shirya mutum da wuri

Fara da ɗaurewa. Idan ka danna kan na'ura a ƙirjin mutumin da ke shawagi, shi zai yi gaba kai ka yi baya. Dole wanda ake aunawa ya samu maɗauri a ƙugu ko ya cusa ƙafafunsa a madaukan bango, mai awo shi ma haka. Amma kada ɗaurin ya matse ciki ko cinya, domin matsi a waɗannan wurare yana canza jinin da ke komowa zuciya, wato ainihin abin da ake son aunawa. Kuma kada mutum ya riƙe kansa da ƙarfin damtse. Tsokar da ke aiki tana ɗaga bugun zuciya da matsin jini. Sau da yawa ɗan sama jannatin da kansa yake riƙe na'urar a jikinsa, kuma hakan yana rage matsalar turewa.

Sai lokaci. Mazauna tashar suna motsa jiki kusan awa biyu kullum, don haka a bar tazarar awanni tsakanin motsa jiki da awo. Haka abinci mai nauyi da kofi. A tambayi magungunan da aka sha, musamman na barci da na tashin zuciya da na buɗe hanci. Tashar tana kewaya duniya cikin kusan minti 90, rana ta fito sau 16 a yini, saboda haka agogon GMT da suke bi shi ne ma'auni, kuma a yi awo a sa'ar da ta yi daidai da wadda aka yi a ƙasa bayan farkawa. A rubuta yawan iskar kabon dayoksaid a ɗakin. Tana ninka ta doron ƙasa sau da dama, kuma tana buɗe jijiyoyin ƙwaƙwalwa.

Bugun zuciya da matsin jini

Wannan ne mafi sauƙi kuma mafi daɗewa. Tun tafiyar Yuri Gagarin ta ranar 12 ga Afrilun 1961 ake aiko da bugun zuciya ƙasa ta rediyo. A manna wayoyin ECG, wato na'urar da ke zana aikin lantarkin zuciya, a daidai wuraren da aka manna su a ƙasa. Zuciya kan ɗan matsa sama a ƙirji, don haka siffar zanen tana iya ɗan sauyawa ba tare da wata cuta ba. Awon minti biyar bai isa ba idan ana neman tsallen bugu. A sa na'urar da ke ɗauka na awa 24 ko 48.

Matsin jini a damtse da na'ura mai hura kanta ake auna shi, domin ƙarar fankoki ba ta barin kunne ya ji da kyau. Idan ana son matsin kowane bugu, sai a koma ga ƙaramin maɗaurin yatsa, dabarar da Jan Peňáz ya bayyana a 1973, wadda na'urori irin su Finapres da Portapres suka ginu a kanta. Ga inda nauyi ya ɓuya a nan: a ƙasa akwai siririn tiyo mai ruwa da ke gyara lissafi gwargwadon tazarar yatsa da zuciya a tsaye. A sama wannan gyara ba shi da amfani, a tabbata yana kan sifili. A ɗumama yatsa kafin a fara, sannan a daidaita lambarsa da ta damtse.

Hoton zuciya da sautin da kunne ba ya ji

Sikanin zuciya, wanda ake kira eko, shi ne babban makami. Jean-Loup Chrétien na Faransa ya yi aiki da irin wannan na'ura a tashar Salyut 7 ta Tarayyar Sobiyet a 1982, likitan zuciya Oleg Atkov ya yi kusan wata takwas a can a 1984, Rhea Seddon kuma ta yi a kumbon Amurka a 1985. A 2011 aka kai na'urar Vivid q tashar ƙasa da ƙasa.

Da farko a haɗa wayoyin ECG da na'urar, don kowane hoto ya san matsayinsa a cikin bugu. Sannan a jiƙa fata. Ba lallai sai da man sikanin ba. Ruwan sha ma yana yi, domin a can yana manne wa fata ya tsaya, ba ya gangarewa.

A asibiti ana cewa majiyyaci ya kwanta a gefen hagu don zuciya ta faɗo kusa da haƙarƙari. A sama babu abin da zai faɗo da ita. Abin da ya rage a hannunka shi ne numfashi: mutum ya fitar da iska a hankali ya tsaya, huhu ya janye daga gaban zuciya. Ya tsaya kawai, kada ya yi nishi ko yunƙuri, domin yunƙuri yana tare jinin da ke komowa. Aza kan na'urar a gefen hagu na ƙashin ƙirji, inda aka samu hoto a ƙasa, in bai fito ba ka matsa sama kaɗan.

Daga wannan taga za ka auna faɗin mashigar da jini ke bi daga ɗakin zuciya na hagu na ƙasa zuwa babbar jijiyar awota, a tsakiyar lokacin matsawar zuciya. Sai ka koma wajen tsinin zuciya, ƙasa da nonon hagu, ka saita Dofla, wato sashen sikanin da ke auna gudun jini, a daidai wannan mashiga, ka zagaye zanen gudun jini na bugu ɗaya. Na'urar za ta ba ka nisan da jinin ya yi a wannan bugu. Lissafin kuwa ga shi. Mashiga mai faɗin santimita 2.0 tana da fili 3.14. Idan nisan ya zama santimita 20, jinin bugu ɗaya mililita 63 ne. A bugu 65 a minti, jinin minti ɗaya ya kama lita 4.1.

Yanzu dubi abin da ƙaramin kuskure ke yi. Idan ka karanta faɗin a 2.2 maimakon 2.0, filin ya koma 3.80, jinin bugu ɗaya ya zama mililita 76. Milimita biyu kacal sun haifar da kuskuren kashi 21 cikin ɗari, wanda ya isa a rubuta rahoton canjin da bai faru ba. Tunda wannan mashiga ba ta cika canza girma ba, shawarata ita ce a auna ta da kyau a ƙasa a hannun gwani, a riƙa amfani da lamba ɗaya a duk awon mutumin, a bar Dofla ta nuna canjin. Kusurwa ma haka take. Idan sautin ya kauce wa hanyar jini da digiri 20, gudun zai ragu a karatu da kashi 6 cikin ɗari. A digiri 30, da kashi 13. Tunda zuciya ta matsa, kusurwar da aka samu a ƙasa ba ta da tabbas a sama, sai an sake nema. A ɗauki bugu uku zuwa biyar a ƙarshen fitar numfashi, a fitar da matsakaici.

Wajen girman ɗakin zuciya akwai wani tarko. Tsofaffin hanyoyin lissafi suna auna faɗi ɗaya su ƙiyasta sauran, bisa zaton cewa ɗakin dogo ne mai tsini kamar yadda yake a ƙasa. Wani bincike a kan 'yan sama jannati 12 da aka gabatar a 2014 ya nuna zuciya tana ƙara zama kewayayya da kashi 9.4 cikin ɗari. Siffa ta canza, zaton ya rushe. A yi amfani da hanyar Simpson, wadda ake zagaye ɗakin daga fuska biyu a tara shi yanki-yanki. Haka kuma, lambobin da ke nuna yadda zuciya ke saki ta cika sun dogara da yawan jinin da ke shigowa, don haka canjinsu kaɗai ba hujja ba ce cewa tsokar ta lalace.

Yawancin masu riƙe na'urar ba likitoci ba ne. Aikin ADUM da Scott Dulchavsky na asibitin Henry Ford a Detroit ya jagoranta a farkon shekarun 2000 ya nuna cewa horo na 'yan awanni ya isa, idan akwai gwani a ƙasa yana kallon hoton kai tsaye yana ba da umarni. Sharaɗin shi ne a yi yarjejeniya a kan kalmomi tun kafin tashi: zame, juya, karkata, danna. Umarni ɗaya a lokaci ɗaya, a jira hoto ya iso, domin akwai jinkirin daƙiƙa ɗaya ko biyu. A guji cewa sama ko ƙasa. A ce wajen kai, wajen ƙafa, wajen kafaɗar dama. Hukumar sararin samaniya ta Faransa ta ƙara gaba da na'urar Echo, mai kan da gwani ke juyawa da kansa daga ƙasa.

Kada a tsallake wuya

Shekaru da dama hankali yana kan zuciya da jijiyoyin da ke fitar da jini. Sai a 2019 Karina Marshall-Goebel da abokan aikinta suka fitar da sakamakon mutum 11 da aka duba musu babbar jijiyar wuya ta hagu mai dawo da jini daga kai. A wajen rana ta 50, faɗinta ya ninka na zaune a ƙasa kusan sau bakwai. A mutum shida jinin ya tsaya cik ko yana komawa baya. A mutum ɗaya aka tarar da gudan jini ya toshe ta, ba tare da yana jin komai ba, aka yi masa magani a can da allurar enoxaparin, daga baya da ƙwayar apixaban. Da ba don awon bincike ba, da babu wanda zai sani. Wannan kaɗai ya isa ya sa duba wuya ya zama wajibi a kowane zama.

Ɗauki kan na'ura mai miƙaƙƙen baki, ka aza shi a gicciye a gefen wuya, kai a miƙe ba a juye sosai ba. Hannu ya zama marar nauyi ƙwarai, domin wannan jijiya danni kaɗan ke lotsa ta. Auna filinta a wuraren da aka auna a ƙasa, dama da hagu. Sannan juya a tsaye ka kunna Dofla, ka rubuta ɗaya daga cikin huɗu: jini yana tafiya zuciya ba yankewa, yana tafiya da tsaitsayawa, ya tsaya, ko ya juya. Kafin ka ce ya tsaya, sauke ma'aunin gudu da matatar na'urar zuwa ƙasa, domin saitin da aka saba da shi yana share jini mai tafiyar hawainiya ya nuna kamar babu. Daga ƙarshe danna a hankali. Lafiyayyar jijiya tana rufewa ruf. Idan ta ƙi, ko ka ga wani abu a cikinta, ɗaga hannunka, adana hoton, a kira likitan tawaga.

Sauran jijiyoyi, ta wuya mai kai jini ƙwaƙwalwa da ta cinya da ta hanta, ƙa'idarsu ɗaya ce: matsakaicin gudu sau fili, kusurwa kada ta wuce digiri 60. Dofla ta gefen goshi gudu kawai take gani, ba ta ganin faɗin jijiya, don haka a rubuta gudu, kada a kira shi yawan jini.

Awo ta hanyar numfashi

Wannan hanya ba ta buƙatar hoto ko gwanin hannu. Ana cika jaka da iskar oksijin haɗe da wasu iskoki biyu kaɗan-kaɗan: ɗaya mai narkewa a jini, irin su asitilin ko Freon-22, ɗaya kuma marar narkewa, irin su SF6. Mutum ya toshe hanci, ya kama bakin tiyo, ya fitar da numfashi yadda ya saba, sai a juya bawul ya fara shaƙa yana mayarwa cikin jakar, yana ƙarar da ita a kowace shaƙa, wajen sau 20 a minti. Na'ura tana bin yawan kowace iska. Marar narkewar tana nuna lokacin da iskar jaka da ta huhu suka gauraya da kuma girman huhun. Mai narkewar kuwa jinin da ke ratsa huhu ne ke kwashe ta, don haka saurin raguwarta shi ne yawan jinin. Duk jinin da zuciya ta tura sai ya bi ta huhu, ka ga an samu jinin minti ɗaya.

A gama cikin rabin minti, kafin jinin da ya ɗauki iskar ya kewayo ya ɓata lissafi. A bar mintuna tsakanin gwaji da gwaji har iskar ta fita daga jiki, a yi sau uku. A kula da saurin numfashi, domin haki da kansa yana ɗaga aikin zuciya. Abin sha'awa, wannan na cikin hanyoyin da rashin nauyi ke taimaka wa, saboda iska da jini sun fi rarrabuwa daidai a huhu idan babu abin da ke jan su ƙasa. Da ita aka yi awon SLS-1, da ita kuma Norsk ya yi nasa.

Idan hanyoyi biyu suka saɓa

Na'urar yatsa tana iya ƙiyasta jinin bugu ɗaya daga siffar zanen matsi, ta hanyar lissafin da ake kira Modelflow. Tana da daɗin aiki, tana ba da lamba a kowane bugu. Amma a 2017 Richard Hughson na Kanada da abokan aikinsa suka gwada ta kafaɗa da kafaɗa da hanyar numfashi a tashar. Numfashi ya nuna ƙaruwa babba, yatsa bai gan ta ba. Lissafin yatsa yana ɗaukar taushin awota daga shekaru da jinsi da tsawo da nauyin mutum, bisa abin da aka gani a ƙasa, kuma wannan zato ne rashin nauyi ya taɓa. Saboda haka a bar wa yatsa aikin bin canji na daƙiƙoƙi, a riƙa saita shi da numfashi ko Dofla a kowane zama.

Hanyar da ke tura ƙaramar wutar lantarki ta ƙirji tana auna turjiyarsa ita ma tana da irin wannan rauni, tunda ruwan da ya taru a ƙirji yana canza tushen lissafinta. Ta fi amfani wajen lokutan buɗewa da rufewar bawul ɗin zuciya.

Akwai kuma wadda sararin samaniya ya zame mata gida. Duk lokacin da zuciya ta harba jini, jiki yana ɗan ja da baya, kamar yadda kwalekwale ke yi idan mutum ya yi tsalle daga cikinsa. A ƙasa gado da nauyi suna shanye yawancin wannan motsi. Mutumin da ke shawagi ba ya taɓa komai, ƙaramar na'ura a bayansa tana iya kama shi ta kowace fuska, kuma gwajin Cardiovector na Rasha a kan haka ya ginu. Har yanzu tana matakin bincike, amma ina ganin ita ce za ta fi dacewa da rigunan awo da ake sawa yini guda.

Dokar da zan ba ka ita ce: duk sakamakon da zai shiga rahoto a kan jinin minti ɗaya, a same shi ta hanyoyi biyu da ba su dogara da zato iri ɗaya ba.

A taɓa tsarin a ga yadda zai amsa

Awon hutu ba ya nuna ko jiki zai iya jure dawowar nauyi. Don haka ake amfani da Chibis, wandon Rasha mai tauri da ke zuƙe iska daga ƙugu zuwa ƙasa ya ja jini ƙafafu. A fara da awon hutu, a sauke matsin mataki-mataki, a tsaya mintuna a kowane mataki ana ɗaukar ECG da matsin yatsa da Dofla. A binciken wuya na Marshall-Goebel, zuƙar 25 mmHg ta gyara tafiyar jini a zama 10 cikin 17. Dole wani ya tsaya kusa da makunni. Da zarar matsi ya faɗi da sauri, ko bugu ya ragu kwatsam, ko mutum ya ce yana jin jiri ko tashin zuciya ko gumi, a saki nan take.

Bayan sauka, awannin farko su ne masu tsada, domin jiki yana fara gyara kansa tun daga ruwan farko da aka sha. A rubuta duk ruwa da gishirin da aka ba mutum, da ko yana sanye da rigar matse ƙafafu. A gwajin tsayuwar minti goma da Jay Buckey ya ruwaito a 1996, mutum 9 cikin 14 sun kasa kaiwa ƙarshe bayan tafiyar da ba ta wuce mako biyu ba. Nauyin tsokar zuciya kuwa hoton MRI, na babbar na'urar maganaɗisu ta asibiti, shi ne ya fi auna shi, kuma a ƙasa kaɗai yake, sai a tsara shi kusa da sauka gwargwadon iko, a sake bayan makonni don a raba raguwar ruwa da raguwar tsoka.

Wanda ke son gwada na'urarsa kafin ta samu gurbi a tashar yana da hanyoyi biyu. Jirgin Novespace da ke tashi daga Bordeaux yana ba da daƙiƙa 22 na rashin nauyi, sau 31 a tashi ɗaya, amma kowanne yana zuwa ne bayan nauyi ya kusan ninkawa, don haka abin da aka gani amsar gaggawa ce. Kwanciyar makonni da kai ƙasa, irin wadda ake yi a Cologne da Toulouse, tana nuna canjin dogon lokaci, sai dai nauyi yana nan yana danne ƙirji daga gaba zuwa baya.

A duk gwajin da za a yi yanzu, a haɗa da zama ɗaya da gwani zai yi shiru. Saƙo tsakanin duniya da Mars yana ɗaukar minti 3 zuwa 22 a tafiya ɗaya, umarnin zame da juya ba zai yiwu ba. Mai riƙe na'ura zai buƙaci hoton zuciyarsa na ƙasa a gefen allo, jerin tagogi bisa tsari, da alamomi bayyanannu da za su gaya masa hoton ya isa a adana ko a sake.